Sunan Ɗan Kulu

Zuwa ga Yaya Abdulƙadiri a Sakkwato,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina lahiyarka, ina gajiyar aikin Nasara? Mu nan Rimawa lahiya lau, Inno tana gaishe ka.

Ka ji ƙanwarka Kulu ta haihu, namiji. Ka san ɗiyanta na baya duk ba su yi rai ba, don haka mijinta Sale ya aike ni Wurno in roƙo Malam Junaidu suna mai albarka. Yaya, ban kai gidan Malam ba. Na iske ana kokawa bakin kasuwa, nit tsaya har la'asar. Da nid dawo, sai nit tuna Ɗaluta, sarkin nan na Bani Isra'ila da munka karanta cikin Baƙara. Nic ce Malam na ya zaɓa, nik ƙara da cewa ma'anatai yaron da ba ya mutuwa da ƙuruciya. Na zaci za a gane ni a yi dariya, kamar kullum. Ba wanda yay yi dariya. Anka raɗa shi, anka yanka rago.

Yanzu yaro na zazzaɓi, ba ya kama nono. Inno ta ce a kai shi ɗakin magani na Wurno, Kulu ta ƙi, wai mi za ya same shi, ga sunan da Malam yab ba shi? In na shiga gidan ba ni iya duban ta.

Ƙanenka,
Mode

Zuwa ga Yaya Abdulƙadiri,

Bayan gaisuwa, da hwatan kana lahiya. Ban jira amsarka ba.

Na tahi wurin Malam na hwaɗa mashi komi. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Yac ce Larabawa sun kira sarkin Ɗaluta ne don tsawonai, amma mutanenai Shawulu suke ce mashi, wato wanda anka roƙa. Yac ce babu sunan da ke tsare mutuwa, kuma ba shi za ya je ya gyara ba, bakin da yay yi ƙaryar shi za ya je.

Na iske Kulu tana surhe. Na hwaɗa mata gaban Sale da Inno, har zancen kokawar. Ta aje taɓarya, ta goya yaro, ta ce Sale ya ɗauro jaki.

Suna Wurno yanzu. Masu albasa da sunka zo daga can sun ce yaron ya hwara shan nono, ban sani ba ko gaskiya na. Sale ya aiko cewa sunan na nan, tunda roƙon shi sunka yi, amma kar in taka gidanai sai Kulu ta neme ni da kanta.

Ka sa yaron cikin addu'a. Ni ba sai ka sa ni ba tukuna.

Ƙanenka,
Mode