Zare Uku na Inna

Assalamu alaikum, Inna.

Na san wannan takarda ba za ta iske ki ba. Ko da kina raye ma sai an karanta miki, kina tsayar da ni a tsakiya kina gyara mini magana. Amma yau kwana arba'in da huɗu ke nan da rasuwarki, kuma akwai abin da ya kamata ki ji daga bakina.

Gida lafiya. Ƙanwata Rabi ta koma Kalfu wurin mijinta. Tunkiyarki ta haifi biyu. Ruwa ya sauka, mutane sun fita shuka.

Kin tuna katin mituwel, asusun lafiyar nan da na sa sunanki ciki? Kinka ce mutum ba ya sayen ciwo tun bai zo ba, amma kinka ƙyale ni. Bayan sadakar bakwai anka kawo mana takardar kuɗin kwana goma sha tara da kinka yi a gidan likita nan Tawa. Na kai ofishin mituwel. Sunka ce kuɗin ya zarce iyakar da suke biya wa tsoho ɗaya, abin da ya hau namu ne. Abin da ya hau kuwa, Inna, babu mai ɗaukarsa sai gonarki ta Kalfu. Har an samu mai saye.

Ga abin da ban faɗa miki ba. Da kina kwance, kin sa Rabi ta kawo miki zare uku, ja da fari da baƙi, kina ta ƙulle-ƙulle yatsunki na rawa. Wata mai jinya ta tambaye ni abin da kike yi. Na amsa mata da Faransanci don kada ki ji, na ce tsufa ne, hankali ya fara tafiya. Sai kinka ɗago kinka dube ni. Kin gane abin da na ce? Har yau wannan kallon bai sake ni ba.

Da Rabi ke raba kayanki ta tarar da zaren cikin kwandon goronki. Na ce ta zubar, ta ƙi. Kwana biyu bayan haka Hajo ta zo gaisuwa, tsohuwar nan ta Takanamat da ta yi jinya a gadon kusa da naki. Tana ganin zaren ta kama baki. Ta ce ja allura ce, fari ledar ƙarin ruwa, baƙi kuwa ranar da likita ya zo da kansa ya duba ki. Babban ƙulli shi ke raba kwana da kwana. Ta ce kin gaya mata haka kinka riƙe buhunan albasarki shekara talatin, dillali bai taɓa cin ki ba.

Na zauna da takardar a cinya, zaren a hannu. Sun rubuta allura hamsin da bakwai, ke kin ƙulla talatin da ɗaya. Sun rubuta likita kowace rana, ke kin ƙulla bakwai.

Na je gidan likita da kunya, Inna. Mushe guda, wato malamin makaranta, mai koyar da yara a lakkol, da zare cikin aljihu. Mai kula da kuɗi ya yi dariya, ban ga laifinsa ba, ni na riga shi. Na roƙi a kawo littafin da masu jinya ke sa hannu duk abin da sunka ba marar lafiya. Majo, shugabansu, ya kawo shi da kansa. Yana karantawa, ni ina bin zare da yatsa. Kwana ɗaya, daidai. Kwana biyu, daidai. Munka zo kwana na goma sha ɗaya, ranar da zazzaɓi ya ɗauke ki har kina kirana da sunan marigayi babanmu. Littafi ya ce allura biyu. Na shafa zaren, ƙulli biyu. Majo ya cire tabarau ya yi salati, ya daɗe bai mayar ba.

Ashe magatakarda ya kwafe duk maganin da anka rubuta miki ranar shiga, ba wanda anka ba ki ba. Sunka gyara. Kuɗin ya sauka ƙasa da iyaka, mituwel ta biya duka. Sunka koma kan takardun sauran tsofaffi, Hajo ma an mayar mata da nata. Gonarki na nan. Mijin Rabi ya shuka hatsi, har ya fara leƙowa.

Ta yaya, Inna? Ba ki san ɗanki ba a ranar, amma kin san allura nawa ta shiga jikinki? Wa ya farkar da yatsunki alhali ke kina can nesa? Shekara ashirin ina koyar da lissafi, ina zaton ni ne mai ilimin gidanmu. Me kuma kinka sani da ban taɓa tambayarki ba? Ba ki ruɗe ba. Ni ne ban iya karatu ba. Ki yafe mini.

Saura abu ɗaya. Farin zaren ya fi takardarsu da ƙulli biyu: leda biyu ta ruwa da anka sa miki, ba wanda ya rubuta. Ni kaɗai na lura. Na fito har bakin ƙofa. Na koma na faɗa musu. Mituwel ta riga ta rufe naki, don haka na biya daga aljihuna. Matar da ke karɓar kuɗi ta yi ta juya takardunta tana neman inda za ta rubuta, ta ce tun da ta kama aikin nan ba a taɓa kawo mata irin wannan ba. Na ce mata ba ni na kawo ba, aiko ni anka yi.

Allah Ya yalwata miki kabari, Ya haskaka shi, Ya sada mu a inda babu ciwo. Sai mun zo.

Ɗanki da kike kira Mushe,
Isufu