Saniyarka da Sabon Toho

Ƙanena Sule,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina iyali? Mu nan Yekuwa sai godiya.

Ciyawar nan mai kama da dawa da muka shuka ta yi albarka, nono ya dawo gidan. Amma na yi kuskure, na bar saniyarka da ta tsira daga fari ta ci sabon tohon. Ashe dafi gare shi kamar gyauron dawa. Ta faɗi tana haki, Allah dai ya tashe ta. Yanzu busasshiya kawai nake ba ta, har ta sami ƙarfin harbina wajen tatsa.

Ban so ka ji a bakin wani ba. Ka yafe mini, ka sa mu a addu'a. A gaida Hajara.

Yayarka Rabi