Rigar Ƙarfen Bashir da Sallar La'asar

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara. Yaya ciwon ƙafar? Mu nan Alexandria ta Amurka sai godiya.

Maganar ɗana Bashir ce. Ya shiga ƙungiyar masu binciken kayan yaƙin Turawa na zamanin da, suna sa rigunan ƙarfe suna kwaikwayon faɗa. Ranar Asabar na bi shi filinsu a Maryland. La'asar ta yi, na ce ya zo ya yi salla. Ashe rigar ba ta barin mutum ya yi ruku'u, kuma maɗaurinta a baya yake, sai wani ya kwance.

Ya ce, "Mama, bari a gama wannan zagayen."

Na ce, "Juyo."

A gaban abokansa na kwance ta, kamar yadda nake cire masa rigar makaranta yana ƙarami. Ban hana shi wasansa ba, amma ba zan lamunci rigar da za ta hana goshinsa taɓa ƙasa ba.

Ka sa shi a addu'a, a gaida Inna da kowa. Zai kira ka kan tsohon sulken Kaka. Kafin ka amsa masa, ka fara tambayarsa ko ya yi salla.

Ƙanwarka,
Hadiza