Zanen Alli a Ƙyauren Bariki

Damagaram, Lahadi, 17 ga watan Babbar Salla

Zuwa ga Yaya Habu a Dakusa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kun yi salla lafiya, gero kuma ya fara rufa ƙasa. Ƙanwarka Delu tana gaishe ka, ta ce daddawar da ka aiko ta ƙare tun kafin layya, wai ka ji da kyau.

Bayan haka, ga ɗanka Suma'ila nan na sallamo shi hutun damina, lakwal, wato makarantar bokonmu, ta tashi sai bayan kaka. Da Ajami na rubuto don Malam Idirisu ya karanta maka, ko da yake yanzu ɗanka yana karanta kowane iri, hannunsa kuma ya fi nawa kyau.

Bari in ba ka labari kafin ya riga ni. Ka san barikin nan na kan dutse, wanda matafiyi ke hangowa tun kafin ya ga ganuwar Birni? Shekara uku ina roƙon a bar ni in kai yarana su gani, don abin da yaro ke leƙe daga nesa tsoronsa yake ji. Ran Alhamis aka yarda. Mu goma sha bakwai muka hau, har da ni. Wanda ya zaga da mu wani tsohon soja ne, Sarjan Kolo, Babarbare irina. Ya ce kowa ya riƙe hannunsa a baya, wanda ya taɓa wani abu zai kwana nan. Sai ga yaran da ba sa jin bari a aji sun zama kamar amare.

Kaurin katangar, Yaya, jaki zai kwanta a kanta. Tagoginta ƙanana ne, bakin bindiga kaɗai ke wucewa. Mun ga igwa biyu, mun ga ɗakin albarushi daga nesa, mun ga ɗakin da waya ke ƙwanƙwasa magana daga ƙasashen da ba mu taɓa zuwa ba. Da muka hau soro sai ga garin duka a ƙarƙashinmu: fada, masallaci, Zango, raƙuman Buzaye a kasuwa kamar tururuwa. Suma'ila ya daɗe yana duban yamma, wai yana neman tsamiyar ƙofar gidanku. Na ce masa ko shaho ne shi sai ya yi haƙuri.

Da za mu fita, wani matashin Nasara mai muƙamin litinan ya tare mu a zaure. Mutum ne mai fara'a. Ya ba kowa ƙwayar sukari, sannan ya jera su ɗaya bayan ɗaya a jikin ƙyauren zauren, yana zana tsawon kowa da alli, suna ta dariya. Albishirinka, ɗanka ya fi kowa! Litinan ya dafa ƙirjinsa, ya tambayi sunansa da garinsu, ya rubuta a gefen zanen da manyan baƙaƙe. Shi kaɗai aka yi wa haka. Sarjan Kolo dai tari ya sarƙe shi a lokacin, ya juya mana baya, tsufa ba daɗi.

Ka gaishe da Yaya Shatu da yara. Kada ku gajiyar mini da ɗalibi da noma har ya manta alƙalami.

Naka mai girmama ka,
Usman, malamin lakwal

*

Dakusa, Talata

Daga Habu ɗan Garba zuwa ga Usman mijin Delu. Malam Idirisu ne ke rubutawa, ni nake faɗa.

Sallama. Muna lafiya. Gero yana nan.

An karanta mini takardarka, na ce a sake, aka sake. Shatu tana bayan danga tana ji, tulun da ke kanta ya faɗi.

Usman, kai ka yi karatu, ni ban yi ba. Amma ƙyauren nan na riga ka saninsa. Shekara tara ke nan, lokacin yaƙin Nasara da Jamus, na raka ƙanena Mamman har gindin dutsen nan, shi da Tanimu Gajere. Aka hana ni hawa. Da la'asar Tanimu ya sauko shi kaɗai, riƙe da takalman Mamman. Ya ce an jingina su a ƙyauren zaure. Akwai layi a jikinsa da aka ƙona da ƙarfe. Wanda kansa ya wuce layin a yi dama da shi, ya zama soja, wanda bai kai ba a ce ya tafi gida. Tanimu yana nan, 'ya'yansa biyar. Mamman ko kabarinsa ba mu san ƙasar da yake ba.

Da ka zo roƙona in ba ka yaron nan, me ka ce mini a gindin tsamiya? Ka ce alƙalami za ka ba shi. Yau kai da ƙafarka ka hau da shi, ka tsaya kana dariya ana auna shi, aka rubuta sunansa da na garina, har kana yi mini albishir.

Suma'ila ya gama lakwal. Abin da ya rage na san yadda zan yi da shi, tunda ni na haife shi. Kada ka tako Dakusa. In na ji ka taso, zan kai shi inda ba za ka same shi ba.

Ka gaida Delu, ita ba ta yi mini komai ba. Wassalam.

*

Dakusa, Laraba

Zuwa ga malamina Usman, Mushe kamar yadda muke kiranka a aji,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Gwaggo Delu. Ka yi haƙuri da takardar, daga littafin lissafina na yago ta. A gona nake rubutawa, a kan gwiwata. Rabi mai daddawa za ta kasuwar Zango gobe, ta yarda ta ɓoye ta a cikin ƙwaryarta.

Mushe, Baba ya aika a kirawo Ɗan'auta wanzami daga Garagumsa. Ran Asabar da hantsi zai zo. Ba aski ba ne. An ce a shekarun yaƙi ya yi wa samari biyu a can, sojoji ba su ɗauke su ba. Yatsan dama yake cirewa, wanda ake nuni da shi, don da shi ake jan kunamar bindiga.

Baba bai yi mini faɗa ba. Da ma faɗan ya yi. Jiya ya kira ni, ya riƙe hannuna yana dubawa, ya ce, "Ɗan nan, da tara ma ana riƙe hauya. Gara in gan ka da tara da a kawo mini takalmanka." Inna ta tanadi man shanu da tsumma mai tsabta, ba ta iya duban fuskata.

Ba zan gudu ba, ubana ne. Tun jiya nake gwada riƙe alƙalami da sauran yatsun, ga irin abin da ke fitowa nan a ƙasa, kai ma ba za ka iya karantawa ba.

Abu ɗaya nake so ka gaya mini tsakaninka da Allah. Na ga layin da Baba yake faɗa. Yana daidai kunnena. Da gaske wasa ne, Mushe?

Ɗalibinka,
Suma'ila

*

Damagaram, Alhamis da la'asar

Zuwa ga Yaya Habu,

Gaisuwa da ban girma. Ka ce kada in zo, ban zo ba. Delu ce za ta kawo maka wannan da wani ƙunshi, da asuba za ta hau jaki. Kada ka tambayi yadda na ji zancen wanzami, kada kuma ka hukunta kowa a kansa.

Na yi kuskure. Na je kallon katanga da igwa, ban dubi abin da ke gaban hancina ba. Yau na koma barikin ni kaɗai, ba izini, ba mai zagawa da ni.

Wallahi ba dutsen da na hau makon jiya ba ne. Ran nan surutun yara ya cika hanyar, yau ba na jin komai sai numfashina. Kowace taga gani nake akwai ido a bayanta. Mai gadi ya ɗora mini wuƙar bakin bindiga a nan ƙirji, ya ce wa ya kira ni. Faransancin da nake taƙama da shi ya gudu ya bar ni. Da Barbarci na ce a kira mini Sarjan Kolo.

Ya fito, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Mushe, mai hankali sau ɗaya yake hawa nan. Me ka manta?"

Na ce, "Baba Kolo, ɗan mutane na manta."

Ya ja ni zaure. Layin yana nan yadda ka faɗa, baƙi, ya ci cikin itacen har yatsa na shiga. Zanen yarana goma sha biyar suna ƙarƙashinsa. Ɗaya yana sama, da sunan ɗanka da Dakusa a gefe.

Na tambaye shi ko an kwafe sunan a takarda. Ya ce a'a, a gabansa aka yi, litinan ya jefar da allin ya tafi cin abinci. Na ce to wasa ne ke nan. Ya ce, "Wasa ne. Amma bayan kaka, in masu ɗaukar soja suka zauna a zauren nan, wannan ƙyauren suke fuskanta. Wanda ya iya karatu zai karanta."

Sai na gaya masa zancen wanzami. Yaya, ka sa Malam Idirisu ya karanta nan a hankali. Ya ce likitan soja ya san saran gatari, ya san kaifin aska. A gabansa an kawo uku masu guntun yatsa. Ba a ba su bindiga ba, gaskiya ne, amma ba su koma gida ba, fasa dutse aka tura su, aka kulle iyayensu. Ya ce kuma daga ƙauyuka ake kawo samari, mai gari ke zaɓa, dogo yake fara nunawa. A shekarunsa a nan bai taɓa ganin an fito da yaro daga aji an jingina shi a ƙyauren ba. Na tambaye shi labarin Mamman. Ya ce, "Ɗaruruwa na jingina a nan, Mushe. Kada ka sa in yi maka ƙarya."

Daga nan tari ya sarƙe shi, ya juya mini baya. Sai a lokacin na gane tarin makon jiya.

Na sa hannun rigata na goge. Na fara da sunan, na bi sauran duka, na tofa yawu na sake bi. Ban gama sauke hannu ba na ji takun takalmi a bayana. Litinan ne. Ya tambayi abin da nake yi a nan. Kolo ya ƙame ya ce malam ya zo godiya ne. Nasaran ya dubi hannun rigata fari fat, ya daɗe yana dubansa, ni kuwa ina karanta duk abin da ya zo bakina a zuci. Sai ya yi dariya, ya ce ko a kasuwa aka ga malamin lakwal an san shi da alli. Ya wuce. Bai ko waiwayi ƙyauren ba.

Rigar ce a ƙunshin, ban wanke ba. Ka duba hannun dama. Sunan ɗanka ke nan, babu shi a ko'ina a kan dutsen nan sai a jikin wannan tsumma.

Ba zan rantse maka cewa ba za a taɓa ɗaukarsa ba. Na yi maka alkawari sau ɗaya da bakin wanda bai sani ba, ba zan ƙara ba. Abin da na gani da wanda na ji na faɗa maka. A ganina ya fi tsira a aji da yatsa goma a kan ƙauye da tara. In ka ƙi ya dawo, ɗanka ne, ka riƙe shi, amma ka bar masa hannunsa. Na roƙe ka don Allah, na roƙe ka don Mamman.

Zan zauna bakin ƙofa ina jiran dawowar Delu.

Ƙanenka mai neman gafara,
Usman

*

Dakusa, Lahadi

Daga Habu zuwa ga Usman.

Sallama. Delu ta iso, ta yi mini rashin kunya a gaban mutane, na ƙyale ta. An karanta takardarka. Tanimu Gajere ya ce ya san tsohon sojan nan, ba ya ƙarya.

Ɗan'auta ya zo jiya da hantsi, ya shimfiɗa kayansa, ya wasa aska. Na daɗe zaune da rigarka a cinyata. Mutum ya taso tun daga Garagumsa, ba a mayar da shi haka nan, sai na ce ya yi wa yaron aski.

Rigar ba zan mayar maka ba. Shatu ta wanke ta a ƙwarya, na zuba ruwan a gindin tsamiya da hannuna.

Zai dawo bayan kaka, kafin masu ɗauka su fito. Ba zai sake hawa dutsen nan ba, kai ma haka. Ran da na ji an kira sunansa a can, Garagumsa ba nisa.

Malam Idirisu yana nan lafiya, amma ba shi ya rubuta wannan ba. Kai malami ne, ka duba hannun.

Wassalam.