Lambar da Ke Bangon Littafi

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidan da yara. Ya ciwon bayan nan? Allah ya ƙara sauƙi.

Kuɗin jarrabawa sun iso, har na kama rana, saura wata biyu. Na san keken ɗinkinki kika sayar, ba sai kin ɓoye mini ba, kuma na san in na faɗi babu na sake zama. In na ci, takardar shaidar haɗa kwamfutoci za ta raba ni da shagon fotokwafin nan.

Kuɗin aji sun fi ƙarfina, sai na sayi tsohon littafi wajen mai littattafan bakin titi, ƙato kamar bulo. Wanda ya riga ni karanta shi ya cika gefen shafuka da fensir, har da zagin kansa in lissafi ya ƙi. Da shi nake hira in babu kwastoma.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, wallahi na tafka wauta. Na duba a intanet, ashe an sauya manhajar tun shekara uku. Babi huɗu da na haddace an daina tambayarsu, sababbin kuwa ko ƙamshinsu littafina bai ji ba. Shi ya sa mai littattafan bai ja ciniki ba! Na laɓe bayan inji na yi kuka na ƙoshi, kekenki kawai nake gani.

Cikin haushi na juya bangon baya, sai ga lambar waya da fensirin nan. Na kira don in samu wanda zan sauke wa. Ashe mace ce, injiniya a wani kamfani. Da na gaya mata abin da ya same ni, ta yi dariya har da tari, sannan ta ce in zo ranar hutu. Ta zaunar da ni gaban na'urori na gaske masu ƙyafta fitilu. Ba ta da haƙuri ko na sisi, amma ta ara mini sabon littafinta. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Auta

Yaya ta kaina,

Ina gaisuwa, ya yara? Zauna tukuna kafin ki ci gaba. Na ci! Da sakamakon ya fito a allo sai da mai gadin jarrabawa ya ce in rage murya.

Injiniya ta ce in kai takarduna kamfaninsu ranar Litinin. Ba ta yi alkawari ba, amma ki fara share inda keke zai zauna.

Tsohon littafin na mayar wa mai littattafan. A ƙarƙashin lambarta na sa tawa, na rubuta cewa littafin nan ya tsufa, duk wanda ya saya ya kira ni kafin ya fara kuka.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta