Hotuna Ta Tagar Juliana

Makera, Kaduna
4 ga Satumba

Zuwa ga ɗalibata Juliana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Mama. Ya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi.

'Yata Nafisa ta ce tun da masu garkuwa suka sako ki ba kya ɗaga waya, ko ƙararta ba kya son ji. Shi ya sa na koma irin ta da, biro da takarda. Tunda ta unguwarku take bi in za ta asibitin da take aiki, ita za ta riƙa kai mana saƙo.

Na san sun ƙwace kyamararki. Ga tawa nan, tsohuwar da na yi shekara ashirin ina yawo da ita daga Argungu har Gembu. Ban ce ki fita ba. Ki dai riƙa dannawa, kada hannu ya sandare.

Ki gaida Mama.
Malaminki, Zakariyya'u

*

Unguwar Boro
11 ga Satumba

Malam,

Ina gaisuwa da girmamawa. Ya Hajiya da iyali? Kyamara ta iso, na gode, Ubangiji ya saka.

Kai ka koya mini cewa jarin mai hoton tafiya ƙafarsa ce. To ni yanzu ba ni da ƙafa. Wata biyu ke nan ban wuce get ɗinmu ba. Ranar Lahadi na yi wanka, na ɗaura ɗankwali zan bi Mama coci. Na kai hannu kan sakata ke nan wani babur ya wuce a guje, ƙararsa irin ta baburan da suka tare mu. Ban san lokacin da na tsinci kaina a banɗaki ba, na kulle ƙofa. Mama na bugawa tana cewa, "Juli, ɗan acaɓa ne kawai, fito." Na san ɗan acaɓa ne, Malam. Jikina ne bai sani ba.

Matan zumunta na cocinmu suna zuwa addu'a duk Laraba. Suna fita, sai in ji kamar sun tafi da iskar ɗakin.

Ga katin kyamara nan. Duk ta taga na ɗauka: katanga, tankin ruwan maƙwabta, zannuwan Mama a igiya, sai katanga kuma. Ni da na ce sai na ɗauki kowace jiha kafin in yi shekara talatin.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. A kwana goma sha taran da muka yi a daji, akwai wata tsohuwa a cikinmu da kan zauna gindin kaɗanya da safe. In rana ta ratso ganye ta sauka a kumatunta, sai in ji ina auna inda ya kamata in tsaya in ɗauke ta. Tana kuka, ni ina duba haske. Wane irin mutum wannan sana'a ta mai da ni?

Taka ɗaliba, Juliana

*

Makera
15 ga Satumba

Juliana,

Gaisuwa da fatan alheri. Na duba hotuna. Na tanki kin ɗauka da tsakar rana, inuwa duk ta mutu, ki jira bayan la'asar. Na zannuwa kuwa ya yi. Kin jira iska ta ɗaga na tsakiya kafin ki danna, wannan ba a koya wa mutum shi.

Batun tsohuwa, kada ki zargi kanki. Idonki ne ya nemo miki wurin fakewa.

Wanda ya kamata a zarga ni ne, kuma na gaji da ɓoyewa. Kin san aikin ɗaukar magangarar ruwan Gurara ni masu kalanda suka ba, ciwon gwiwa ya sa na tura ki. Abin da ba ki sani ba, kwana biyu kafin tafiyarki na haɗu da Emmanuel direba a tasha. Ya ce, "Baba, satin nan ka bar hanyar Abuja. An ga mutanen nan gaba da Gonin Gora, ni kaina na ajiye mota." Na dawo da niyyar in hana ki. Sai na tarar da ke a shago kina goge gilashin kyamara, kina tambayata yadda ake sa ruwa mai gudu ya fito kamar auduga. Na tuna ruwan ya kawo yadda ake so, kuma ba ya jiran kowa. Na ce a raina maganar direbobi ce. Na yi shiru.

Mama ta damƙa mini ke amana, na musanya ki da hoto. Ba na neman ki sauƙaƙa mini. Ina son ki sani ne kawai.

Zakariyya'u

*

Makera
9 ga Oktoba

Juliana,

Ina gaisuwa. Nafisa ta ce kina karɓar takarda ki rufe ƙofa. Kina da gaskiya. In kina so in zo in faɗa wa Mama da bakina, zan zo. Ni ma tun ranar ban sake hawa mota ba. Gida, masallaci, shago. Hoton fasfo kawai nake ɗauka, in ce wa mutum ya ɗaga haɓa.

Allah ya ba ki lafiya.
Zakariyya'u

*

Unguwar Boro
20 ga Oktoba

Malam,

Barka da war haka.

Na rubuta maka wasiƙa huɗu na yaga. Da ka ce mini uffan ranar nan, wataƙila da na tafi duk da haka, ka san taurin kaina. Amma da ni na zaɓa. Wannan ne ba ya barina barci.

Kada ka gaya wa Mama. Hawan jininta ba zai ɗauka ba.

Jiya haushinka ya cika mini ciki har ɗakin ya kasa ɗaukata. Na rataya kyamara, na buɗe get, na fita. Na kai wajen mai gasa masara a bakin layinmu. Ta ce, "Ah ah, Juliana, ke ce?" Sai na ɗaga kyamara. Hoto bakwai na ɗauka, duk sun girgiza. Na dawo da gudu, na yi amai a tsakar gida.

Ba zan turo maka su ba.

Juliana

*

Unguwar Boro
23 ga Oktoba

Malam,

Ina kwana. Batun yafiya ka ba ni lokaci, ban kai can ba.

Ranar Asabar ina so in gwada kaiwa bakin titi, inda ake sauke doya. Mama ba za ta iya tsayuwar ba, ni kuma ba zan iya ni kaɗai ba. Ba sai ka yi mini magana ba. Ka dai tsaya ta gefen da babura ke wucewa.

Ƙarfe bakwai na safe.

Juliana