Faɗin Tafin Hannu a Ƙeya

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya gwiwar nan taki? Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai alhamdu lillahi, hannun daman nan da ya shanye wata huɗu da suka wuce ya fara motsi, sai dai rawa yake yi in na ɗaga shi.

Auta, ɗan naki Injiniya ya ɓata min rai. Ranar Asabar ya zo duba ni, ɗankwalina ya zame, ya ga furfura ta fito a tushen gashina, faɗin yatsa uku. Ya tsaya yana kallona kamar ya zo gaisuwar mutuwa. Wai tunda na haife shi bai taɓa ganin farin gashi a kaina ba, wai wannan ya nuna na kasa kula da kaina. Asabar mai zuwa zai zo da mota ya kwashe ni zuwa gidansa, har an share min ɗaki. Ke ji fa! Shekara ashirin da shida ina ɗakin nan, keken ɗinkina a bakin taga, masu kawo min aiki sun san ƙofata. In koma inda za a riƙa miƙo min abinci kamar jaririya? Wallahi ba inda za ni.

Ni nake rina abina tun kafin ya yi gemu, kuma ni zan rina. Jiya na lallaɓa da ƙafata na sayo baƙin rini. Ki taya ni da addu'a, amma kar ki kuskura ki kira shi.

Taki har kullum,
Yaya Tela

Auta tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Na ga saƙonki, kin ce in yi haƙuri in bi shi. Ban ji ba.

Juma'a da hantsi na dama rinin a tsohon kofi, rabi kawai, na shafe goshi da kunnuwa da basilin. Safar hannu ta ƙi shiga hannun dama, na yi jifa da ita. Da hagu na riƙe tsohon buroshin haƙori, ina tsaga gashin da mataji, ina bin tushen layi-layi. Rini ya ɗiga a riga, ya ɗiga a ƙasa, kofin ma saura kaɗan ya kife. Sau ɗaya na zauna na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Na share fuska na tashi.

Matsalar ƙeya ce. Da can hagu ke riƙe ƙaramin madubi, dama na shafawa. Yanzu hannu ɗaya gare ni, sai na shafa da lalube.

Ranar Asabar da ya iso ya same ni a kan keke, kai ba ɗankwali, gashi baƙi wuluk. Ya yi turus. Har na fara jin daɗi, sai ya zagaya bayana. Ashe wuyana na rina, na bar furfura fari fat a ƙeya, faɗin tafin hannu! Ya buɗe baki zai fara wa'azinsa, na riga shi. Na ce ya dubi gaban da kyau, da hannun hagu na yi shi, ni kaɗai. Abin da ya gagare ni faɗin tafin hannu ne, kuma ba za a kwashe ni ɗungurungum saboda faɗin tafin hannu ba. In ƙeyar ta dame shi, ga sauran rini ga buroshi, ya riƙa zuwa duk bayan mako uku.

Can sai ya naɗe hannun farar rigarsa, ya ɗauki buroshin. Injiniya guda, bai iya tsaga ba, sai da na yi ta yi masa faɗa ta madubi. Ina jin yana jan hanci a bayana, na yi kamar ban ji ba. Rigar dai ta tashi daga aiki.

Motar haka ta koma, ko zare bai ɗauka ba. Duk mai nemana ki ce masa ina ɗakina, bakin taga.

Ki shafa min kan yara.

Yayarki,
Tela